Ɗan Tayi

Ran da aka sallamo Inna Ummulkhairi daga asibiti, Larabcinta bai biyo ta gida ba. Shekara sittin da 'yan kai tana zaune a Makka. Ta yi ciniki da harshen nan, ta yi faɗa da shi, ta karɓi haihuwar rabin 'ya'yan Nakkasa da shi tun unguwar tana tsaye a kan duwatsunta ba a fara rusa ta ba. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo da hantsi ɗaya ya share shi tas, ya bar mata Hausar da ta taho da ita daga Gaya tana amarya. Ita ma Hausar ba duka ba. Yau kalma ɗaya za ta fito, gobe biyu, ta gefen bakin da bai karkace ba.

Wadda jinya ta hau kanta ita ce jikarta Manar, wadda Innar ta riƙe tun rasuwar mahaifiyarta. Manar tana aiki a wani kantin magani a unguwar Rusaifa. Ita da mijinta Rakan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, suna zaune a hawa na biyu na wani bene da ke bayan kantin, kuma can aka shimfiɗa wa Inna gado. Hausar Manar kuwa, kada ma a tona. Hausar kicin ce: gishiri, tukunya, zo nan, tashi, kin ci abinci, Allah ya shirye ki. Laifin Innar ne kuma, don ita ce ta dage da yi wa jikoki Larabci wai kada a yi musu dariya a makaranta. Ga shi yau an wayi gari kaka na magana jika na kallon bakinta.

Ranar Lahadi da safe Manar ta gama goge wa tsohuwar fuska, ta jawo kujera ta zauna da kofin shayi da gutsuren gurasar tamis a hannu. Inna ta daɗe tana kallonta. Ba fuskar take kallo ba, ɗan ramin nan na ƙasan maƙogwaro ta ƙura wa ido. Can ta miƙo hannun hagu, mai lafiyar, ta cafke wuyan hannun Manar.

"Ɗan tayi," in ji ta.

"Na'am, Sitti?" Haka Manar ke kiranta, yadda 'yan Makka ke kiran kaka.

"Ɗan tayi."

Kunya ta kama Manar. Tayi dai ta san shi, tun tana ƙarama Inna ta dasa mata shi a ka da ranƙwashi: ba a cin abinci a gaban mutum ba a yi masa tayi ba, ko da an san alhamdulillahi zai ce. Ɗan kuma ai ƙarami ne. Wato tsohuwa na cewa ko ɗan tayi ba za a yi mata ba ke nan? Ta yi maza ta tsoma gurasar a shayi ta kai mata baki. "Bismilla, Sitti, yi haƙuri." Inna ta datse leɓe, ta kawar da kai, ta ja tsaki. Shi tsakin lafiya lau ya fito, ciwo bai taɓa shi ba.

Na san wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya riga ya fara murmushi. To a yi wa Manar adalci. Kalmar nan ta ɗakin haihuwa ce, ɗakin da Inna ke koro yara daga ƙofarsa da tsintsiya. Sannan shekarar Manar takwas da aure, sau biyu tana samun ciki yana zubewa, na ƙarshen shekara huɗu ke nan. Tun daga nan ta daina ƙirga kwana. Kullum tana miƙa wa matan mutane tsinken gwajin ciki ta saman teburin kanti, ta ce Allah ya sa a dace, ba ta ƙara ɗaukar ko ɗaya ta sa a jakarta ba. Watan nan kuwa da ta ƙare shi tsakanin asibiti da kanti, ko yau nawa ga wata sai ta duba waya take sani.

Ran Litinin Kawu Abdulilah ya zo daga Jidda. Shi ne babban ɗan Inna, mutum mai furfura da saurin yanke magana, ya yi shekara talatin yana sayar wa alhazai akwatuna a unguwar Jarwal, nan Makka, kafin ya koma kusa da 'ya'yansa. Hausarsa ta fi ta Manar nesa ba kusa ba, kuma ya san da haka. Ya durƙusa gaban gado ya sumbaci goshin mahaifiyarsa.

"Inna, ni ne. Kin gane ni?"

Inna ta kalle shi, ta mayar da ido kan bango. A lokacin Manar ta shigo rungume da jarkar zamzam da ya bari a bakin ƙofa.

"Ɗan tayi!" Inna ta ce da ƙarfi, har tana dukan katifa. "Ɗan tayi!"

Kawu Abdulilah ya miƙe a hankali. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Kwana nawa tana faɗar wannan?" ya tambayi Manar da Larabci.

"Tun jiya. Na zaci abinci take so a yi mata tayi."

"Wane abinci? Tayi na kasuwa ne, 'yata. Alhaji ya ɗaga akwati ya ce nawa, ka faɗa, shi kuma ya taya. In ya taya da wulaƙanci ka ce wannan ɗan tayin naka bai yi ba. Ciniki take yi. Tana can wata kasuwa da ta tashi tun ba a haife ki ba." Ya numfasa. "Shi ke nan. Likita ya gaya mini, in tana gane abin da ke kewaye da ita, a bar ta cikin 'yan uwa ya fi. In kuwa hankalin ya tafi, tana bukatar masu kula da ita dare da rana. Na samo mata wuri a Jidda, minti biyar daga gidana. Ran Alhamis bayan la'asar zan zo da takardu, Asabar mota ta ɗauke ta."

"Jidda? Hali, ka san abin da ta sha faɗa." Hali shi ne kawu da Larabci.

Ya sani mana. Duk wanda ya taɓa shan shayin Inna ya sani. Ta ce ita ba ta keto Sudan a bayan akori-kura don ta je ta mutu a bakin teku ba. A Makka za ta cika, a Harami za a sallace ta. Ko bikin 'yar Kawun ma da aka yi a Jidda, ƙin kwana ta yi, sai da aka dawo da ita a ranar.

"Wadda ta faɗi haka ta san inda take," in ji shi. "Wannan fa? Nuna mini abu ɗaya tak da ke cewa tana nan tare da mu, in yaga takardun da hannuna. Ke ma dubi yadda kika koma, duk kin ɗashe."

Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya fi ba Manar haushi, don da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Bayan ya tafi ta zauna a bakin gado ranta a jagule. Ita dai ba ta yarda ba. Wanda hankalinsa ya tafi ba ya irin tsakin nan.

Sai ta yi abin da aikinta ya koya mata. Ta ɗauko ɗan littafin da take rubuta lokutan maganin Inna, ta buɗe shafin baya, ta shiga rubuta duk lokacin da kalmar ta fito da abin da ake yi a lokacin. Kafin azahar ɗin Talata ta cika rabin shafi, kuma abin ya fara ba ta mamaki. Rakan ya shiga ya gaishe ta sau uku, ba ta faɗa masa ba ko sau ɗaya. Mai gashin ƙashi ta zo ta yi awa guda tana lanƙwasa mata ƙafa, ba ta faɗa ba. Manar kaɗai ake faɗa wa. An faɗa da ta sunkuya za ta ɗaga Inna zuwa keken guragu. An faɗa da ta hau kujera za ta sauko da bargo daga saman kabad. An faɗa da ta kawo gahawa, ƙamshin hel ɗin da aka dafa ta da shi ya bugi hancinta ta ajiye butar da sauri ta koma bakin taga. A wannan karon ma har da wani abu mai kama da dariya a gefen bakin tsohuwar.

Wane irin ciniki ne ba a yinsa sai mutum ya hau kujera?

Ta ɗauko waya. Ba ta taɓa rubuta Hausa ba a rayuwarta, don haka ta rubuta abin yadda kunnenta ya ji shi, gida uku: dan, ta, yi. Waya ta mayar mata da Larabci cewa ma'anarsa don ta aikata. Ta aikata me? Wace ce za ta aikata? Yanzu fassara ta zama uku ke nan, ta abinci, ta kasuwa, da ta waya, babu wadda ta hau kan abin da ke cikin littafinta. Ta koma gaban Inna ta gwada su ɗaya bayan ɗaya da gurguwar Hausarta. "Sitti, abinci? Sitti, kasuwa? Ni in yi? In yi me?" Inna ta lumshe ido irin na wanda ya gaji da ɗalibi.

Da yamma ta tambayi Rakan. Shi Hausarsa ko ta kicin ba ta kai ba, ta tsaya a sannu da na gode.

"Me zai hana ki hau sama wurin matar malamin nan?" in ji shi. "Daga Kano suke, ko shekara biyu ba su yi ba."

Manar ta san ta. Sa'adiya yake nufi, matar wani ɗalibin ilmi da ke hawa na uku. Tun zuwansu matar ke tare ta a matakala da doguwar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya mai jiki, Manar kuwa sai ta ce alhamdulillahi ta wuce da sauri. Ba girman kai ba ne, ko da yake ta san haka ake ɗauka. Kunya take ji a ce jikar Ummulkhairi guda ba ta iya amsa gaisuwa ta kai ƙarshe ba.

Ran Laraba da hantsi ta zuba dabino a faranti ta hau. Sa'adiya ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, gidan duk ƙamshin daddawa, ƙamshin da rabon Manar da shi tun gidansu na Nakkasa. Yau kam sai da ta riƙe numfashi.

"Lale marhabin! Yau Manar ce a gidanmu? Shigo, shigo. Yaya Hajiya da jiki?"

Suka zauna a tabarma. Ɗaya na jan Larabcin makaranta, ɗaya na jan Hausar kicin, a tsakiya suka haɗu.

"Ina da su'al," in ji Manar. "Kalma ɗaya. Sitti tana faɗa kullum. Ɗan tayi. Yani esh?"

Sa'adiya ta ɗaga gira. "Ɗan tayi? Da wa take?"

"Da ni. Ni bas."

"In kina me?"

Manar ta buɗe littafin ta karanta mata: jarka, keke, kujera, gahawa. Tun kafin ta kai ƙarshe Sa'adiya ta ajiye ludayin, ta sa hannu ta toshe baki. Idonta ya sauka daidai inda idon Inna ke sauka, ramin maƙogwaro.

"Hajiya wace sana'a ta yi da?"

"Daya. Mai karɓar haihuwa."

"Ungozoma! Allahu akbar. To ai shi ke nan." Dariya ta ƙwace mata, ta danne. "Yi haƙuri, ba ke nake wa ba. Manar, wannan tayin daban ne, ba na abinci ba ne, ba na kasuwa ba. Ɗan tayi shi ne abin da ke cikin ciki tun bai zama mutum ba."

Manar ta gane kowace kalma, amma ta ce, "Sake faɗa."

Sa'adiya ta sake faɗa da Larabci, a hankali.

Abin da Manar ta fara ji ba murna ba ce, ba kuma tsoro ba. Son sani ne ya riga su, don zuciya takan yi haka in tana neman wurin ɓuya. Ta gyara zama. A makaranta an koya mata matakan girman ciki da sunayensu, nuɗfa, alaƙa, mudga, a jami'a kuma an ƙara mata wasu na Turanci masu tsawo da ta haddace don jarrabawa. Wanne ne daga ciki ɗan tayi?

"Mu dai mukan ce gudan jini, sannan tsoka," in ji Sa'adiya. "Amma ɗan tayi ya haɗe su duka, tun daga farkon fari. Kakata takan ce da shi tun bai kai ƙwayar gero ba. Yanzu ba kowa ke faɗa ba, sai a ce shigar ciki, ko a ce ta samu. Ni rabon da in ji shi a bakin mutum tun wata sallar layya da aka yanka akuya a gidanmu aka tarar da shi a ciki, kakar tawa ta yi ta faɗa wai an yi gaggawa."

"Me ya sa tayi? Wa ya taya?"

"Oho. Ban taɓa tambaya ba, wallahi. Haka muka tashi muka ji." Ta kamo hannun Manar ta juya tafin, ta duba. "Ke yaushe rabonki da..."

Manar ta yi ƙoƙarin tuna rabonta da ganin al'ada. Ta ƙirga da yatsu, ta rasa, ta sake farawa. Sai a lokacin tsoron ya iso, ya zauna mata a ƙirji daram.

"La," in ji ta. "Ba zai yiwu ba. Shekara huɗu."

"Ni dai kalma kika tambaye ni," in ji Sa'adiya, "na kuwa gaya miki."

Da ta tashi daga aiki ranar, ta tsaya gaban kantar da take cikawa da hannunta kowane mako. Ta ɗauki kwalin tsinken gwaji ɗaya, ta jira abokiyar aikinta ta shiga ciki sannan ta tura shi ƙasan jaka. Ba ta gwada ba sai washegari Alhamis, bayan Rakan ya fita. Layi biyu suka fito, na biyun ma bai tsaya jan rai ba. Ta zauna a bakin bahon wanka ta yi kuka, kukan da ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Da ta wanke fuska sai lissafi ya dawo mata. Ga hujjar da Kawu ke nema a hannunta. Matar da aka ce hankalinta ya tafi ta ga abin da mai sayar da tsinken gwaji ba ta gani a jikinta ba. Sai dai hujjar ba ta da amfani sai an faɗe ta, kuma nan gizo yake saƙa wa Manar abin da ta fi tsoro. Cikin farko, tun yana sati biyar ta aika wa duk wanda ke cikin wayarta. Bayan sati uku sai ga ta tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana janyewa, wasu kuma ba su ji ba, wata biyar bayan nan ana tare ta a biki ana tambayar yaushe ne. A lokacin Inna ta zaunar da ita, tana shafa mata baya, ta ce da Larabcinta na da, ba a kiran sunansa da ƙarfi sai ya zauna. Na biyun ta yi shiru, shi ma ya tafi, amma aƙalla ita da Rakan kaɗai suka yi zaman makokinsa. Ta yi wa kanta alkawari in Allah ya sake ba ta, babu mai ji sai riga ta faɗa da kanta.

Ta shiga wurin Inna ta durƙusa. "Sitti, na gane," ta ce da Hausa. "Ɗan tayi. Na gane." Inna ta dube ta, ta ɗora yatsa ɗaya a kan leɓenta. Ita ma dokarta tana nan ba ta canza ba.

Bayan la'asar Kawu Abdulilah ya iso da takardu a cikin farin ambulan. Rakan ya dawo da wuri don a yi maganar da shi. Suka zauna a ɗakin Inna, Kawu a kujera, Rakan a bakin ƙofa, Manar a tsaye. Duk ranar tana addu'ar tsohuwar ta taimake ta, ta kira sunan ɗanta ko sau ɗaya, a wuce wurin ba sai an tona komai ba.

"Inna," in ji Kawu, ya matso. "Wane ne ni? Faɗi sunana."

Leɓen Inna ya motsa, ya yi rawa, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sai ta fusata da kanta, ta juya fuska bango.

"A wane gari muke, Inna?"

Inna ba ta juyo ba.

Kawu ya zaro biro daga aljihu. "Kin gani, 'yata. Ni ma ba son raina ba ne."

Manar ta rasa abin yi da hannuwanta, ta sunkuya za ta janye teburin ƙarfen da ke gefen gado don ya sami wurin ɗora takardar.

"Ɗan tayi!" Inna ta juyo kamar an tsikare ta. "Ajiye!"

"To ga shi nan," in ji Kawu a hankali. "An koma kasuwa."

Manar ta saki teburin. Ta dubi Inna, Inna ta girgiza mata kai, girgizawa ɗaya ƙarama da ita kaɗai ta gani. Ta dubi biron da ya riga ya sauka kan takarda. Tsoro take ji sosai, tsoron cewa in ta furta, cikin zai tafi kamar na farko, ta san kuma babu ilmi a cikin wannan tsoron, amma sanin bai rage shi ba. Ta tuna tsohuwar nan a bayan mota ran bikin Jidda, ta naɗe hannu tana cewa a mayar da ita gida.

"Kawu," ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka ba, kullum Hali take cewa, don haka ya ɗago. Ta ci gaba da Hausa, tana ɗora kalmomin ɗaya kan ɗaya. "Ba kasuwa ba ne. Ɗan tayi, shi ne yaro a ciki, tun yana ƙarami ƙarami. Da ni take. Ina da ciki. Na gwada yau da safe. Ita ta gani tun Lahadi, ni ban sani ba."

Rakan bai ji Hausar ba, amma ya ga fuskar Kawu. Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya ce "Esh? Manar, esh?" Ba wanda ya kula shi.

Sai ji aka yi ɗas, hannun hagun Inna ya sauka a damtsen Manar.

"Marar kunya," in ji Inna. Kalmomin sun fito a karkace, amma kowa ya ji su. "A gaban kawunki?" Ta ja numfashi, ta juya ido kan ɗanta. "Abdulilah. Fita."

Tunda ta kwanta ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. Kawu Abdulilah ya tsaya da biro a hannu, baki buɗe. Dattijo mai jikoki, sai ga hawaye na bin gemunsa, yana kuma dariya. "To, Inna," in ji shi. "Na fita." Ya ɗauki takardar ya raba ta biyu, ya cusa a aljihu, ya kamo hannun Rakan. "Taho, kai ma korarka za a yi. Zan fassara maka a waje."

Ƙofa ta rufe. Daga falo ana jiyo muryar Rakan yana ta tambaya, sannan aka ji ya yi shiru, sannan aka ji hamdala.

Manar ta zauna a bakin gado. Inna ta tsira, ta san wannan, ba mai kai ta Jidda. Amma abin da ta rantse ba za ta yi ba ta yi shi, ta kira sunan da ƙarfi tun yana sati nawa ma ba ta sani ba, kuma babu yadda za a mayar da shi.

"Sitti, ina jin tsoro," ta ce.

Inna ta juyo gare ta. Ta lalubo da hannun nan da ya karɓi 'ya'yan Nakkasa, ta ɗora shi ƙasan cibiyar Manar, ta bar shi a wurin. Hannun da ɗumi. Ta sunkuyar da kai kaɗan, ta yi amfani da muryar da take tsawata wa yara da ita in sun dame ta da zirga-zirga.

"Zauna," in ji ta.

Manar tana zaune tun ɗazu. Ta san ba da ita ake ba.